Bayan Mutuwar Aure: Wa Ke Riƙon 'Ya'ya, Wa Ke Ciyar Da Su, Kuma Wace Kotu Ake Zuwa?

Da wuya a wayi gari kotunan alƙalai da na gargajiya a faɗin Najeriya ba su saurari ƙarar da ta shafi mutuwar aure ba. Daga kotun shari'ar Musulunci ta Magajin Gari a Kaduna, zuwa kotun yanki ta Kubwa a Abuja, zuwa kotun gargajiya ta Mapo a Ibadan, zancen yakan fara ne da neman rabuwa, amma inda ya fi ɗaukar zafi shi ne idan aka zo kan 'ya'ya: a hannun wa za su zauna, kuma wa zai ɗauki nauyin cinsu da suturarsu da kuɗin makarantarsu.

Amsar da aka saba ji a gidaje da yawa ita ce ɗa na uba ne. Da zarar an yaye shi sai a kai shi gidan ubansa, kuma uban da aka hana 'ya'yansa ba shi da dalilin aika ko sisi. Wannan al'ada ce mai ƙarfi, har wasu na ɗaukar ta addini. Sai dai a cikin tsarin dokoki uku da ke aiki a ƙasar nan babu wanda ya karɓe ta yadda ake faɗinta. Dukkansu sun raba riƙon yaro da ciyar da shi, sun mai da su haƙƙi biyu dabam, kuma rasa ɗaya ba ya sauke wa uba ɗayan.

Yadda aka ɗaura aure shi ke zaɓar kotu

Kundin tsarin mulkin 1999 ya raba ikon yin doka a kan aure gida biyu. Auren rajista, wanda wasu ke kira auren kotu, yana hannun Gwamnatin Tarayya. Auren Musulunci da na gargajiya an bar su ga jihohi da kotunansu. Saboda haka abin da alƙali zai fara dubawa shi ne yadda aka ɗaura auren, domin shi ne zai nuna masa ko yana da hurumin sauraron ƙarar.

Auren rajista babu mai raba shi sai Babbar Kotun Jiha ko ta Babban Birnin Tarayya, a ƙarƙashin Dokar Shari'o'in Aure ta 1970. Nan ne wasu ke faɗawa cikin rikici ba su sani ba. Ma'aurata su ɗaura aure a masallaci ko a gaban dangi, daga baya su je ofishin rajista domin samun takardar da za ta taimaka wajen neman biza ko wata buƙata ta wurin aiki. Daga ranar da suka sa hannu, auren ya shiga ƙarƙashin dokar tarayya. Sakin baki ko takardar da miji ya rubuta ba za su warware shi a idon wannan doka ba, kuma mijin da ya ƙara aure alhali na rajistar yana nan ya aikata laifin da Dokar Aure ta tanadar wa hukuncin ɗauri.

Auren Musulunci yana zuwa kotun shari'a ko kotun yanki, gwargwadon sunan da jihar ta ba ta. Wanda bai gamsu da hukunci ba yana iya ɗaukaka ƙara har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci, wadda sashe na 277 na kundin tsarin mulki ya ba hurumi a kan aure da rabuwarsa da waliccin yara da ciyar da su. Daga can akwai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, sannan Kotun Ƙoli. Jihohin Arewa da yawa da Abuja suna da wannan tsari, har da jihohi irin su Kwara da Kogi da Filato.

Ga Hausawa mazauna Kudu lamarin ya sha bamban. Legas da Oyo da Ogun ba su da kotun shari'ar Musulunci ta gwamnati. Abin da ake da shi kwamitocin sulhu ne masu zaman kansu da ƙungiyoyin addini suka kafa, sai kuma fadar Sarkin Hausawa da limaman unguwa. Hukuncinsu yana da daraja a wurin wanda ya yarda da shi, amma ba su da ikon tilasta wa wanda ya ƙi. Matar da ke zaune a Agege ko Sabon Ibadan, idan tsohon mijinta ya yi kunnen ƙashi, dole ta nufi kotun gargajiya ko kotun iyali ta jihar kafin ta sami umarnin da hukuma za ta zartar.

Hanyoyin rabuwa

Dokar 1970 ta amince da dalili ɗaya tak na raba aure, wato ya lalace ta yadda ba zai gyaru ba. Sashe na 15 ya jera abubuwa takwas da mai ƙara zai tabbatar da ɗaya daga ciki. Akwai zina da ta sa zama ya gagara, da munanan halayen da ba za a sa ran mutum ya jure ba, da ƙaurace wa abokin zama na aƙalla shekara ɗaya, da zama a rabe na shekara biyu idan ɗayan bai ƙi a rabu ba, ko na shekara uku ko da ya ƙi. Auren da bai cika shekara biyu ba, a mafi yawan lokuta sai da izinin kotu ake shigar da ƙarar raba shi. Hukuncin farko na wucin gadi ne, yana tabbata bayan wata uku. Idan akwai 'ya'yan da ba su kai shekara 16 ba, hukuncin ba ya tabbata sai kotu ta duba tanadin da aka yi musu.

A auren gargajiya, abin da ya fi yawa a al'adun Kudu da na tsakiyar ƙasa shi ne mayar da kuɗin aure, ko dai a gaban dangi ko ta hannun kotu.

A ɓangaren Musulunci, yawancin jihohi ba su da rubutacciyar dokar iyali mai sassa da lambobi. Alƙalai suna komawa ne ga littattafan mazhabar Malikiyya, musamman Risala da Muhtasar Halil da Tuhfatul Hukkam. A 2017 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya bayyana cewa ana shirya daftarin dokar iyali ga jihar Kano, kuma muhawarar da ta biyo baya ta nuna irin nauyin da batun yake da shi a zukatan jama'a.

Saki a hannun miji yake, ba ya buƙatar izinin kotu. Mace kuma tana da ƙofofi biyu, kuma bambancin da ke tsakaninsu ya kai a tsaya a kansa. Ta farko ita ce hul'i, inda za ta fanshi kanta da sadakin da aka ba ta ko wani abin da aka daidaita a kai. Ta biyu ita ce ta nemi alƙali ya raba auren saboda cutarwa, ko rashin ciyarwa, ko doguwar ƙaura, ko wani aibi da ke hana zaman aure. A wannan ƙofa ta biyu ba ta biyan komai idan ta kawo hujja. Sau da yawa matar da ake duka ko aka bari da yunwa takan nemi hul'i don ta gaji da jeka-ka-dawo, ta ci bashi ta biya wanda ya zalunce ta. Malaman Malikiyya sun ce idan ta tabbatar daga baya cewa cutarwa ce ta tura ta ga hul'in, sakin yana nan, kuma a mayar mata da abin da ta biya.

Akwai kuma abin da ya kamata dangin mace su lura da shi lokacin sulhu. Mazhabar ta halatta a sanya barin riƙon yaro ko ɗaukar nauyin ciyar da shi na wani lokaci a matsayin fansar hul'i, muddin hakan ba zai cutar da yaron ba. Kalma ɗaya da aka rubuta a takardar sulhu cikin zafin rai tana iya ɗaure mace shekaru.

Idda tsarki uku ce ga mai ganin al'ada, wata uku ga wadda ba ta gani, mai ciki kuma har ta haihu. A sakin da ake iya kome, ci da sha da wurin kwana duk suna kan miji har iddar ta cika. A sakin da ba kome tana da wurin zama, kuma idan tana da ciki tana da ciyarwa har ta sauka. Korar mace daga ɗakinta a daren da aka sake ta, wanda ya zama ruwan dare, ya saɓa wa umarnin da ke farkon Suratuɗ Ɗalaƙi.

Raino

Fiƙihu yana kiran riƙon yaro da kula da shi hadana, kuma a nan Malikiyya ta fi sauran mazhabobi ba uwa dogon lokaci. Namiji yana hannun uwarsa har ya balaga. Mace tana hannunta har ta yi aure mijinta ya tare da ita. Babu zancen yaye ko shekara bakwai a wannan hukunci. Idan uwa ta rasu ko ta rasa cancanta, rainon yana komawa ga kakar yaro ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa, kafin a waiwayi ɓangaren uba. Ko da layi ya zo kan namiji, sharaɗi ne ya kasance yana da macen da za ta iya kula da yaron a gidansa.

Wannan ba ya nufin an cire hannun uba. Shi ne waliyyi. Yana da haƙƙin ganin ɗansa, da lura da tarbiyyarsa, da tura shi makaranta, kuma shi ne zai aurar da 'yarsa. Abin da ba shi da shi kawai shi ne ya ɗauke yaro daga hannun mai raino ba tare da dalilin da shari'a ta sani ba.

Dalilan da ke zubar da haƙƙin raino sanannu ne: taɓin hankali, rashin amana, gazawa wajen kula da yaro, cuta mai yaɗuwa da ake jin tsoro ga yaron, ko zama a wurin da ba shi da tsaro. Wanda ya fi jawo ƙararraki shi ne sabon aure. Idan uwa ta auri wanda ba muharramin yaron ba ne kuma ta tare, haƙƙinta ya faɗi. Amma ba hannun uba yaron yake faɗawa kai tsaye ba, kamar yadda ake zato. Yana bin layin da aka ambata, wato kaka ce ta farko. Malamai sun kuma keɓe wasu halaye. Jaririn da ya ƙi karɓar nonon kowa sai na uwarsa ba a raba su. Haka kuma wanda raino ya kamata ya koma hannunsa, idan ya san da auren ya yi shiru har shekara ta zagayo ba tare da uzuri ba, ya rasa damar nema.

Sai batun ƙaura, wanda ya shafi iyalai masu zaman ci-rani fiye da kowa. Idan waliyyi zai koma wani gari da zama na dindindin, a tazarar da littattafan suka ƙiyasta da baridi shida, wato sama da kilomita 100, yana iya tafiya da yaron matuƙar hanya da garin suna da aminci, sai fa idan mai rainon ta yarda ta koma can ita ma. Haka nan idan ita ce za ta yi irin wannan ƙaura, yana iya neman a bar masa yaron. Matar da aka saka a Legas, iyayenta kuma suna Katsina, tana tsakanin abu biyu ke nan: ta zauna a garin da ba ta da kowa, ko ta koma gida ta buɗe wa tsohon mijinta ƙofar ƙara. Ya fi kyau a warware irin wannan a rubuce a gaban alƙali kafin a ɗaure kaya.

A Babbar Kotu ma'aunin ɗaya ne. Sashe na 71 na dokar 1970 ya sa maslahar yaro a gaba da komai. Kotun Ƙoli ta fayyace wannan a shari'ar Williams da Williams ta 1987, inda ta nuna cewa ba a ba da riƙon yaro domin hukunta wanda ya yi laifi a zaman aure ko saka wa wanda aka ɓata wa. A shari'ar Odogwu da Odogwu ta 1992 kuma ta bayyana cewa ƙaramin yaro ana ɗauka zai fi samun natsuwa a wurin uwarsa, sai an kawo hujja bayyananniya da ta nuna akasin haka. Alƙali yana duba shekarun yaro, da inda ya saba, da makarantarsa, da shirin da kowane ɓangare ya yi masa, kuma yana iya jin ta bakinsa idan ya yi wayo. Yawan dukiya kaɗai ba ya cin shari'a.

Al'adun gargajiya da dama sun ba uba fifiko, musamman inda ya biya kuɗin aure. Amma ko a nan, Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Okwueze da Okwueze ta 1989 cewa ba za a zartar da wannan fifiko ba idan zai cutar da yaron.

Ciyarwa

A fiƙihun Malikiyya, ciyar da yaro da tufatar da shi wajibi ne a kan uba gwargwadon halinsa: namiji har ya balaga yana iya nema da kansa, mace har ta tare a gidan miji. Ɗan da ya balaga da wata naƙasa da ta hana shi sana'a yana nan a wuyan uba. Wadatar uwa ba ta mayar da wannan nauyi kanta. Mai raino ce ke karɓar kuɗin ko hatsin, kuma malaman mazhabar sun faɗi ƙarara cewa uba ba shi da ikon cewa a riƙa turo masa yaro ya ci abinci a gidansa ya koma, saboda wahalar da hakan zai jawo wa yaron. Alƙali yana kuma ƙiyasta rabon yaro a kuɗin hayar gidan da yake zaune. Matar da aka yi wa sakin da ba kome tana iya neman ladan shayarwa. Rainon kansa dai ba a biyan uwa lada a kansa a wannan mazhaba.

Akwai wata ƙa'ida da jahiltarta ke jawo asara mai yawa. Ciyarwar 'ya'ya tana faɗuwa da wucewar lokaci, sai idan alƙali ya riga ya yanke ta, ko kuma wanda ya ciyar ya yi ne da niyyar a biya shi. Matar da ta yi shekara biyar tana sayar da ƙosai tana ciyar da yara, tana kawaici don kada a ce ta kai uban 'ya'yanta kotu, za ta sha wahala kafin ta karɓi na baya. Wadda ta je da wuri aka yanke mata adadi, duk watan da aka tsallake ya zama bashi a kan uban. Kunya a wannan wuri tsada gare ta, kuma yaran ne ke biya.

A auren rajista, sashe na 70 ya umarci kotu ta duba abin hannun kowane ɓangare, da abin da yake iya samu, da halinsa, kafin ta yanke adadi. Dokar ba ta ware namiji kaɗai ba, don haka mace mai hali ma ana iya ɗora mata wani kaso. Ciyarwar tana tsayawa idan ɗa ya kai shekara 21, sai in akwai dalili na musamman.

Dokar yara da bambancin jihohi

Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta ƙara wata ƙofa. Ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro, ta kafa kotun iyali a matakin majistare da na Babbar Kotu, inda ake sauraron ƙara ba tare da 'yan kallo ba. Sashe na 14 ya ba yaro haƙƙin samun kulawa daga iyayensa gwargwadon ƙarfinsu, da damar neman wannan haƙƙi a kotun iyali. Sashe na 69 ya ba uwa ko uba damar neman umarnin riƙo da na ziyara.

Majalisar Tarayya ce ta yi dokar, amma kai tsaye Abuja kaɗai ta shafa. Sai kowace jiha ta yi tata. Legas ta yi a 2007, Kano kuma sai a 2023. Jihohin Arewa da dama sun yi wa dokar kwaskwarima domin ta dace da addini da al'ada, wasu ma sun sauya mata suna zuwa dokar kare yara. Saboda haka abin da ya yiwu a Ikeja ba lallai ne ya yiwu da siga ɗaya a Dutse ko Gusau ba, kuma dokar jihar da yaron yake zaune ita ce abin dubawa.

Idan an ci shari'a kuma aka ƙi biya

Nan ne tsarin ya fi rauni. Samun hukunci yana da sauƙi a kan samun kuɗin. Ga ma'aikacin da ke karɓar albashi, dokar 1970 ta ba kotu ikon umartar wurin aikinsa ya riƙa cirewa daga tushe. Ɗan kasuwa ko direba ko manomi ba shi da takardar albashi, don haka sai an kawo shaidu a kan shagonsa ko motarsa ko gonarsa. Ƙin bin umarnin kotu raini ne gare ta, kuma ana iya kama kadara ko a tsare mutum a kansa, amma sai wadda aka yi wa hukuncin ta koma ta sanar. Alƙalai da yawa kan umarci a riƙa biya ta hannun magatakardan kotu ko ta asusun banki, abin da ke rage musu a kan an bayar ko ba a bayar ba.

Dokar Hana Cin Zarafin Jama'a ta 2015 ta mai da watsi da mata ko miji ko 'ya'ya ba tare da abin rayuwa ba laifi, da hukuncin ɗaurin da bai wuce shekara uku ba, ko tarar da ba ta wuce naira 500,000 ba, ko duka biyun. Ita ma a Abuja take aiki kai tsaye, jihohin da suka karɓe ta kuma kowace da nata tanadin.

Wanda ba shi da kuɗin lauya yana iya tuntuɓar Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, ko Hukumar Kare Haƙƙin Bil'adama ta Ƙasa. A Legas akwai ofishin lauyan al'umma da cibiyar sulhu ta gwamnatin jiha, a Kano da wasu jihohin Arewa kuma Hukumar Hisba tana yin sulhu kafin a kai ga alƙali. A kotunan shari'a da na yanki da na gargajiya mutum yana iya tsaya wa kansa ba tare da lauya ba. Abin da ke taimakawa shi ne takardar saki, da takardun haihuwar yara, da rasiɗan makaranta da na asibiti, da shaidu.

Adadin da kotu ta yanke ba dawwamamme ba ne. Hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024, shekarar da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Kuɗin da aka yanke wa yaro shekara biyar da suka wuce ba zai sayi rabin abin da yake saya a lokacin ba. Mai raino tana da damar komawa kotun da ta yi hukuncin ta nemi ƙari, uban da ya rasa aiki ko kasuwarsa ta karye shi ma yana iya neman ragi, muddin ya kawo hujja.